Akwatin Kauɗa: Littafin Aikina Daga Danbare Zuwa Kadawa

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Ranar Alhamis Malam ya sa hannu a kan batun binciken da zan kammala digiri da shi a Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero. Aikin shi ne in busar da tumatir ta hanya uku, in gano wacce ta fi ba da kauɗa mai tsabta, mai jan launi, wadda za ta jure ajiya. Ta farko ita ce ta kaka da kakanni, a tsaga a shanya a ƙasa. Ta biyu a shanya a kan gadon kara da aka ɗaga sama. Ta uku a cikin akwatin da zan haɗa, mai tara zafin rana. Malam ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta duk abin da ya faru, "har wanda kake ganin bai shafi aikin ba, don ba ka san ta inda amsa za ta ɓullo ba."

Tun ina yaro a Malumfashi nake ganin Inna tana jiƙa kauɗar Ɗanja, ta wanke, ta tsiyaye, ta sake wankewa, amma duk da haka wani lokaci sai an tauna yashi a miya. Yanzu kuma a Danbare, daura da sabuwar jami'a, mu huɗu ne a ɗaki, tukunyarmu ɗaya. Ɗan Gombe yana zuwa da wake, ɗan Haɗeja da shinkafa, abokinmu Bayarabe ɗan Offa da garin rogo da manja, ni kuma da garin masara da kuka da daddawa. Abin da babu mai kawowa daga gida shi ne kayan miya, kuma shi ke cinye karo-karon da muke yi duk mako. A wannan watan tumatir ya yi araha. Duk wanda ya taɓa cefane a watan Mayu ya san ba haka zai zauna ba.

Asabar, 20 ga Janairu

Na yi sammako zuwa Kadawa. Adaidaita-sahu daga bakin ƙofar makaranta zuwa Kabuga, wata zuwa Na'ibawa, sannan ƙaramar mota mai bin titin Zariya. Huɗu a baya, biyu a gaba, hazo ya rufe hanya har direba yana tafiya da fitila da hantsi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600, kuɗin mota ya zama abin da ɗalibi ke warewa kafin ya yi maganar abinci. Don haka sai na riƙa haɗa buƙatu da yawa a tafiya guda.

Kana wuce Kura ƙasa ta sauya. Ko'ina ya bushe a wannan watan, amma nan kore shar: alkama, albasa, masara, tumatir, iya ganinka. Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana bin babbar hanyar ruwa da gangare, babu inji, ya rarrabu cikin ƙananan kwatoci har ya shiga gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Mun karanta wannan a aji uku, amma tsayawa a bakin ruwan cikin hunturu wani abu ne daban.

Manomin da aka haɗa ni da shi kawun wani ɗan ajinmu ne, dattijo mai furfura da nake kira Baba, ya fi shekara talatin yana noman rani. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan makaranta, da me kuma kuka zo mana?"

Na yi masa bayanin akwatin. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To, Allah ya taimaka. Amma ka dawo nan da wata guda ka ga abin da ke faruwa, sannan mu yi maganar akwati."

Ya ba ni shawarar in yi aiki da irin UTC, saboda namansa kauri ne, ruwansa bai kai na wasu ba, shi ya sa ya fi kyau a kauɗa kuma ya fi jure hanya. Da azahar aka kawo ɗanwake daga gida, da man gyaɗa da yaji. Yaransa suka tsinko tumatir da albasa a nan gefenmu aka yanka a kai. Na manta rabon da in ƙoshi haka.

Asabar, 27 ga Janairu

Akwati ya kammala. Wani kafinta a Rijiyar Zaki ne ya haɗa mini, ni na kawo kayan daga Ƙofar Ruwa: katako, fallen kwano guda, ragar ƙarfe, ragar sauro, baƙin fenti. Gilashi na so in rufa, da na ji kuɗinsa sai na koma ga farar leda mai kauri. Malam ya ce hakan ma ya fi, domin abin da ɗalibi ya kasa saya, manomi ma ba zai saya ba.

Yadda yake aiki babu wuya. Kwanon da aka shafa wa baƙin fenti yana ƙasa, yana shan rana. Iska tana shiga ta ƙofar ƙasa, ta yi zafi, ta tashi ta ratsa faifan raga biyu da tumatir ke kai, ta kwashi damshinsa ta fice ta ƙofar sama. Ragar sauro tana tare ƙuda, leda tana tare ƙura. Rufin a karkace yake yana fuskantar kudu, saboda Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma a hunturu rana ta kudu take karkata.

Kafintan ya ɗauka na ƙyanƙyasar kaji ne. Da ya gane, sai ya ce matarsa tana busar da kuɓewa a saman katanga, awaki suna damunta. Na rubuta wannan ma.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na zuba zubin farko a bayan gonar tsangaya. Na wanke, na tsaga kowane tumatir gida huɗu, na auna nauyi daidai wa daida na raba wa hanyoyin uku. Zan riƙa auna nauyi da zafi safe da rana da yamma. Abokin ɗakina ɗan Haɗeja ya karɓi awon rana a ranakun da nake da lacca, ni kuma na karɓi girkinsa na Talata.

Yau babu bandashe. Mai kawo gurasa bakin layinmu bai fito ba, saboda a wannan makon mata masu gurasa a cikin birni suka fito zanga-zanga a kan tsadar fulawa. Gurasa da ƙuli da ɗan mai ita ce karin kumallon da ya fi sauƙi ga ɗalibi a Kano, idan ta gagara abin ya kai inda ya kai. Mun jiƙa gari da suga da gyaɗa. Da dare garau-garau.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Jiya duk Danbare tana gidan kallon ƙwallo. Najeriya ce ta fara ci, Kwaddibuwa ta farke ta ƙara, aka tashi 2 da 1 a Abijan, kofin Afirka ya tafi. Mun dawo babu mai magana, muka tsaya wajen mai shayi, aka soya mana indomi biyu muka raba mu huɗu.

Zubin farko ya fito. Na akwati ya bushe cikin kwana uku zuwa huɗu, na gadon kara da na ƙasa sai da suka kusa mako. Bambancin da ya fi fitowa a ido shi ne tsabta. Na ƙasa ya kwashi ƙurar hunturu har ya yi toka-toka, na gado ya ɗan fi, na akwati ja ne sosai. Abin da ya girgiza abokan ɗakina shi ne yawan abin da ya rage. Tumatir kusan kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari ruwa ne, saboda haka kilo goma ɗanye ba ya ba da ko kilo guda na kauɗa. Ɗan Offa ya riƙe ledar yana jujjuyawa, ya ce shi dai bai yarda wannan zai yi miya ba. A wajensu ba a san miyar busasshen tumatir ba. Na ce ya jira.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na koma kamar yadda Baba ya ce. Bai tsaya gona ba, ya ɗauke ni a babur muka nufi kasuwar Kwanar Gafan.

Ban taɓa ganin tumatir haka ba. Kwanduna jere a bakin titi har ido ya gaji, kowanne an cika shi ya yi tozo an rufe da takarda ko ciyawa an ɗaure. Manyan motoci suna lodi zuwa Mile 12 a Legas, wasu Anacha, wasu Fatakwal. Dillalai suna kai-komo, 'yan dako suna gudu, ƙasa ta jiƙe da ruwan tumatir, wari mai tsami yana tashi. Kowa ya dasa lokaci guda, saboda sanyi tumatir ke so, don haka kowa ya tsinka lokaci guda. Wanda ya kawo kaya ba shi da ta cewa. In bai sayar yau ba, jibi ya zama ruwa. Na ga wani matashi ya zauna a kan kwandonsa ya yi tagumi, an taya kayansa kuɗin da Baba ya ce da ƙyar zai biya masu tsinka da kwando da mota.

Na tsaya na kalli yadda ake lodi. Kwandon kaba ba shi da ƙarfin ɗaukar wani a kansa, amma haka ake ɗora su hawa-hawa, a yi tafiyar kilomita wajen dubu. Na ƙasa ya matse, tsinin kaba ya huda na gefe, wanda ya fashe ya ruɓar da maƙwabcinsa. A takardun da na karanta ana yawan cewa kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Da ina ganin adadin ya yi yawa. Yau na daina. Akwai kwandon roba da ake jerawa ba tare da ya danne kaya ba, na ga 'yan kaɗan a wata mota. Na tambayi wani dillali me ya sa ba su yawaita ba. Ya ce, "Malam, na kaba in ya isa Legas an gama da shi. Na roba kuwa sai ka biya kuɗin dawo da shi, kuma wa zai tsaya maka ya dawo?"

Daga nan Baba ya kai ni bayan gari, inda ake shanya. Fili ne babba, an share, mata da yara suna tsagawa suna bazawa a ƙasa, ja wur har gindin wasu bishiyoyi can nesa. Abin da kasuwa ta ƙi, nan yake zuwa. Ya tsaya ya dube ni.

"Ɗana, akwatinka kwando nawa yake ci?"

Na ce bai kai rabin kwando ba.

"Ni a tsinka ɗaya ina fitar da abin da ya fi kwando hamsin. Ba wai ba mu san ƙasa da datti ba ne. Mun sani. Ƙasa ce kaɗai take da faɗin da zai ɗauka."

Wannan maganar ta fi duk abin da na karanta a laburare nauyi. A rubuce-rubuce da yawa ana nuna manomi yana shanya a ƙasa don rashin sani, sai an wayar masa da kai. Ban ga rashin sani a Kadawa ba. Na ga mutanen da kaya ya fi ƙarfinsu cikin makonni shida, babu ɗakin sanyi, babu mai saye a kan farashi tsayayye. Masana'antar tumatir ta Ɗangote tana nan kusa, an buɗe ta a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, amma ta sha buɗewa da rufewa, manomi ba zai gina lissafinsa a kanta ba.

Mun ci shinkafa da miya a rumfar wata mai abinci, miyar ta ji tumatir har ba a ganin mai. Baba ya hana ni biya. Ya ɗaura mini kwando guda a bayan mota ya ce na gwaji ne. Na dawo ina shan rake, ina tunanin wa aka yi wa akwatin nan.

Talata, 5 ga Maris

Na kai wa Malam labarin. Bai yi mamaki ba. Ya ce in bar tambayar a buɗe, in gama awon tukuna.

Makon nan a ɗakin gwaji na yi shi. Ana auna ɗan samfuri, a sa a tanda mai zafin digiri 105, a riƙa fitarwa ana aunawa har nauyi ya daina raguwa. Abin da ya tafi shi ne ruwan da ya rage a ciki. Kauɗar da za ta jure ajiya ana so ruwanta ya sauka wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Na akwati ya shiga wannan iyakar, na ƙasa yana da ragowar damshi a wuraren da yankan ya yi kauri. Na kuma ƙara gwaji guda: tsoma yankakken tumatir a ruwan gishiri kafin shanya, in ga ko zai riƙe launi.

Kwandon da Baba ya bayar ya fi abin da gwaji ke buƙata. Ragowar mun busar da ita don ɗaki, muka zuba a robar fenti da aka wanke. Sauran kuma mako guda muna cin miyar da ba a yi mata ƙwauro ba, har maƙwabta suna shigowa da kwanonsu.

Alhamis, 14 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Litinin, 11 ga wata. Sanyi ya tafi gaba ɗaya, bazara ta shigo da ƙarfinta. Tsarin ɗaki ya sauya: mai girki yana ɗora tukunya bayan la'asar, a yi tuwo da yawa don a sami ɗumamen sahur. Buɗa-baki dabino da ruwa a masallaci, sannan kunun tsamiya da ƙosai a wajen wata tsohuwa a layinmu da ke ƙara wa ɗalibai gyara ba tare da an roƙa ba. Ɗan Offa Kirista ne, amma ya ce ba zai ci abinci a gabanmu ba, kuma shi ke zuwa neman ƙanƙara da yamma. Allah ya saka masa.

Zafin ya nuna wani hali na akwatin da hunturu ya ɓoye. Da tsakar rana ma'auni yana haura digiri 70 a ciki. A irin wannan zafin bayan tumatir yana ƙafewa da wuri ya kulle damshi a ciki, launi kuma ya koma baƙi-baƙi. Abin da ake so shi ne tsakanin 55 da 65. Kafinta ya faɗaɗa ƙofar sama ya sa mata marfin da ake zugewa, yanzu ina iya rage zafi ko in ƙara. Awon ƙarfe biyu na rana da azumi a baki ba wasa ba ne, amma nan ne alƙaluman da suka fi muhimmanci suke.

Wanda aka tsoma a ruwan gishiri ya fi riƙe ja. Zan maimaita kafin in rubuta shi a matsayin sakamako.

Asabar, 30 ga Maris

Kadawa kuma. Kasuwa ta fara raguwa, kuma a gonar Baba na ga abin da ake tsoro. Ganye ya yi fari-fari da zane a cikinsa, wasu sun ƙone, 'ya'yan da ƙananan huji kusa da hanci. Tsutsar Tuta absoluta ce, wadda manoma a nan ke kira Sharon. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu har ta iso nan. A 2016 ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwar wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tashi da dare, tana yin ƙwai a ganye, tsutsar ta shige tsakiyar ganyen tana ci, shi ya sa feshi ba ya samunta da kyau. Zafi yana hanzarta haihuwarta. Baba ya ce wanda ya yi dashen baya-baya don ya riski tsada, shi take jira.

Na ce masa akwai tarko mai ƙanshin mace da ke jawo mazan, yana nuna wa manomi lokacin da suka fara yawa. Ya ce ya taɓa gani a wajen ma'aikatan tashar binciken noman rani ta Kadawa, amma a shagunan magani na kusa ba kasafai ake samu ba. Na yi alkawarin tambayar malamanmu na sashen kare amfanin gona.

Na sha ruwa a hanya, a Kura. Direba ya tsaya, fasinjoji suka fito da abin da ke jakarsu, wani ya raba kankana, wata baiwar Allah ta miƙo mini zoɓo a gora.

Asabar, 13 ga Afrilu, Malumfashi

Na taho gida ranar Litinin. Tashar Rijiyar Zaki a cike maƙil, kuɗin mota ya ƙaru saboda sallah. Rimin Gado, Gwarzo, Dayi, sai gida. An yi sallah ranar Laraba, 10 ga wata.

Na zo da leda uku, ban rubuta komai a jiki ba sai lamba, na ba Inna na ce ta jiƙa kowanne daban. Ta jiƙa, ta tsiyaye, ta duba gindin kwano. Ta ɗaga na uku ta ce, "Wannan wanki ɗaya ya ishe shi. A ina ka samo?" Da shi aka yi miyar sallah, aka ci da waina, babu wanda ya gane ba ɗanye ba ne sai da aka faɗa.

Washegari Gwaggo ta zo, ƙanwar Babanmu, wadda ke sayar da kayan miya a cikin gida. Na nuna mata hoton akwatin a waya. Ba ta tambayi digiri ko kashi ba. Tambayoyinta uku ne: nawa ne kuɗinsa, kuɓewa da tattasai da zogale za su shiga, kuma akuya za ta iya buɗewa? Sannan ta yi lissafinta da baki. A watan Fabrairu ta sayi kwando a arha, ta busar a tsakar gida tana aikinta, ta ajiye, a watan Yuni ta sayar gwangwani-gwangwani. Ta ce masu saye suna duba launi kafin komai, ja ya fi baƙi kuɗi ko a wajen mai ƙaramin ƙarfi.

"Kai dai ka yi mini guda," in ji ta, "ka bar manoma da filinsu."

A nan na sami amsar tambayar da na baro Kwanar Gafan da ita. Akwatin nan bai yi wa mai kwando hamsin ba. Na mai kwando ɗaya ne ko biyu: matar aure mai sana'a a gida, mai abincin sayarwa, ɗakin ɗalibai irin namu. Su kuwa suna da yawa, kuma kowane kwando da suka ɗauke a lokacin tumbatsa ya rage wanda zai zube a bakin titi.

Asabar, 4 ga Mayu

Na dawo makaranta da garin masara da soyayyen naman sallah da Inna ta ƙulle a leda. Bai kwana biyu ba.

Tumatir ya yi tashin gwauron zabo. Kakar Kadawa ta ƙare, tsutsa ta cinye na baya, na damina bai zo ba. Abin da muke saya a cika leda a Fabrairu, yanzu 'yan ƙwaya ake ƙirga maka. Masu abinci a bakin makaranta sun koma miyar da manja da albasa suka fi yawa. Mu kuwa muka buɗe robar fenti. Ana jiƙa hannu guda a ruwan ɗumi, a kai niƙa da albasa da attaruhu, a soya sosai, a jefa ɗan ƙanƙanin kanwa don ta kashe tsami. Ɗan Offa ne ya yi girkin ranar, ya zuba manjansa, muka ci da tuwon garin rogo. Ya ce in ajiye masa leda guda zai kai wa mahaifiyarsa.

Gwajin ajiya yana tafiya. Kowane samfuri na raba shi uku: buhu, ledar da aka ƙulle, kwalba mai marfi. Iska ta fara ɗaukar damshi, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa. Na cikin buhu ya fara laushi, launinsa yana dusashewa. Na kwalba da na leda suna nan ƙaras-ƙaras. Ashe bushewa rabin aiki ce, in ma'ajiya tana shan iska, damina za ta mayar da ruwan da rana ta cire.

Asabar, 25 ga Mayu

Jiya aka buɗe shafin neman bashin karatu na gwamnatin tarayya, duk ɗaki ana ta cike-cike a waya har dare. Jarrabawa ta matso, girki ya koma taliya da wake saboda sun fi sauri.

Babi na ɗaya zuwa na uku suna hannun Malam, ya dawo da na biyu da jan biro a kusan kowane shafi, yana so in ƙara abin da aka rubuta a kan kwandon roba. Awon nauyi da zafi da ruwa ya kammala. Gwajin gishiri ya ba da abu guda a maimaici, don haka zai shiga babi na huɗu. Malam ya yarda in ƙara sashe a kan wanda akwatin ya dace da shi, in kawo maganar Baba da ta Gwaggo ba tare da suna ba.

Saura ƙirga ƙwayoyin cuta da fumfuna a samfuran uku, an ba ni ranar Talata a ɗakin gwaji. Saura gwajin ɗanɗano, inda za a dafa miya iri uku a ba mutane su zaɓa ba tare da sun san wacce ce wacce ba, kuma mai abincin da ke kusa da tsangaya ta yarda ta dafa. Saura lissafin kuɗin akwati da farashin yau, tunda katako da leda sun tashi daga yadda na saya a Janairu. Awon ajiya zai ci gaba har ƙarshen Yuli, don in ga abin da tsakiyar damina za ta yi.

Kafinta ya ce zai iya rage kuɗin idan aka yi amfani da katakon tsofaffin akwatunan kaya. Mun yi da shi zai fara na Gwaggo bayan jarrabawa, mai faifai uku, da sakata a ƙofa saboda awaki. Malamin sashen kare amfanin gona ya ba ni bayanin yadda ake kafa tarkon tsutsa da inda ake samunsa a Kano, zan kai wa Baba kafin a fara rainon iri a watan Satumba.